Neman kalma: me za mu kira kwamfutar da aka girke a ƙarƙashin talabijin?

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma nake nema, kuma ina so mu tsayar da ita tare a wannan zaren.

Makon jiya ina kan hanya ƙanena ya kira ni. Ya ce, "Yaya, talabijin ɗin ya yi baƙi, wani rubutu ne kawai yake yawo wai babu sigina." Na ce masa ya kunna kwamfutar. Ya yi shiru na ɗan lokaci, can ya ce ya kunna amma babu abin da ya canza. Ashe ɗakina ya shiga ya buɗe wadda nake aiki da ita. Na ce ba ita ba, ta falo nake nufi. Ya ce, "Dikoda?" Na ce a'a. Ya ce, "To DVD?" Sai da na ce masa baƙar nan mai fasasshen gilashi da ke kwance a ƙasan talabijin, wadda waya mai kauri ta fito daga gefenta na hagu, sannan ya gane. Mun ɓata kusan minti biyar a kan abin da kalma ɗaya za ta warware.

Bari in fayyace abin da nake magana a kai, don kada mu raɗa wa abin da ba shi ba suna. Tsohuwar kwamfutar cinya ce da allonta ya fashe, amma cikinta lafiya lau. Na haɗa ta da talabijin da wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti a tare. Na sa mata manhajar Kodi, na jona mata faifan ajiya mai terabayit 2. Finafinai, karatuttuka, waƙoƙi, hotunan iyali da bidiyon da muka ɗauka da waya, duk suna ciki. Da an kunna ta, ba ta nuna tebur mai ƙananan gumaka irin na kwamfutar ofis. Kai tsaye take buɗe shafi mai manyan haruffa da manyan hotuna, wanda aka tsara don mai zaune a kujera kimanin mita 3 daga allo ya karanta ba tare da ya runtse ido ba. Da wayar hannu ake sarrafa ta, ta manhajar Kore. Ba a rubuta wasiƙa da ita, ba a lissafi da ita. Aikinta ɗaya ne tak.

Turawa suna kiranta HTPC, wato taƙaitawar home theatre PC. Wasu kuma su ce media centre, wasu media hub. Su kansu ba su tsaya a kan suna ɗaya ba, kuma tarihin sunayen yana da abin lura. Kamfanin Microsoft ya fitar da nasa a 2002 cikin wani nau'in Windows XP, ya sa masa Media Center, ya kuma cire shi gaba ɗaya lokacin da Windows 10 ta fito a 2015. Ita kuwa Kodi, sunanta na da XBMC, daga Xbox Media Center, domin a kan na'urar wasan Xbox ta farko aka fara ƙera ta. Da tafiya ta yi tafiya, manhajar ta bar waccan na'urar ta koma kan kwamfutoci da wayoyi, sai sunan ya zama kaya a wuyanta. A 2014 suka canza shi zuwa Kodi. Wannan shi ya sa nake roƙon kada mu ɗaura sunanmu a jikin akwatin. Akwatin canzawa yake yi. Yau tsohuwar kwamfutar cinya ce, gobe Raspberry Pi ce, ƙaramar kwamfuta mai girman katin banki, wadda ta fara fitowa a 2012, jibi kuma wani abu ne daban. Aikin shi ne ba ya canzawa, don haka daga aikin ya kamata sunan ya fito.

Tun da na fara tambaya a tsakanin abokai an kawo mini shawarwari, kuma zan faɗi yadda na auna kowace.

Ta farko da kusan kowa ke fara furtawa ita ce "cibiyar kallo", saboda hub ɗin nan da cibiya ake fassara shi. A ma'ana babu laifi, don kuwa ita ce tsakiyar da komai ke haɗuwa. Matsalar a kunne take. Bahaushe idan ya ji "cibiya" a yau, gini yake hangowa mai allon suna a ƙofa: cibiyar bincike, cibiyar lafiya, cibiyar koyar da sana'a. Ka ce wa mutum "je ka kunna cibiyar kallo" ka ga yadda zai dube ka. Ga kuma "gidan kallo" da ya riga ya kama wurinsa, kuma kalmomin biyu sun yi kusa da juna fiye da kima. "Matattara" da "mahaɗa" ma haka, wuri suke nunawa, ba abin da ake dannawa ya kunnu ba.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Ɗana, da tsohuwar zuma ake magani. Ku ce kwamfutar majigi mana." Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na kwana biyu ina juya ta a baki. Majigi kalma ce da muka aro tun da daɗewa daga sunan wata fitilar Turawa mai haska hoto a bango, ta zauna ta zama tamu har ba a jin baƙuntarta. To amma Baba, a gafarce ni, majigi yana da aikinsa har yanzu. Shi ne na'urar da ke jefa hoto a bango ko farin ƙyalle. Kuma mutane da yawa masu irin wannan kwamfutar da majigi suke haɗa ta maimakon talabijin. In muka karɓi shawarar, wata rana sai mun ce "haɗa kwamfutar majigi da majigi", wanda kuma ya haɗa tasa da talabijin ya rasa dalilin sunan. A bar wa majigi sunansa.

"Sinimar gida" kuwa kalma ce mai kyau, ina goyon bayanta, sai dai ba ta wannan abin ba ce. Sinimar gida ita ce shirin baki ɗaya: babban allo ko majigi, amfilifaya, da lasifikoki, irin tsarin 5.1 da ake jera biyar kewaye da mai kallo a ƙara ɗaya mai fitar da ƙasan sauti. Kwamfutar gaɓa ɗaya ce a cikin wannan jiki. Mutum zai iya mallakar sinimar gida babu kwamfuta ko ɗaya, wani kuma yana da kwamfutar amma da lasifikar jikin talabijin yake ji.

Wanda ya ce a kira ta dikoda kawai a huta, ban yarda ba, kuma a nan ne nake ganin asalin bambancin yake. Dikoda karɓa take yi. Abin da aka watso shi take ba ka, a lokacin da aka watso shi. Ƙananan na'urorin da ake soka wa talabijin irin Chromecast, da ta fito a 2013, su ma mafi yawan aikinsu jawo abu ne daga intanet ko daga waya. Wannan kuwa abin da ke cikinta naka ne, kai ka zuba, kuma yana nan ko intanet ta yanke. Sannan tana tsara shi. Idan ka sa wa fayil sunan fim da shekarar fitarsa, Kodi za ta nemo hoton bangonsa da taƙaitaccen labarinsa ta jera shi cikin 'yan'uwansa. In ka tsaya a minti na 40 ka tafi, gobe daga nan za ta ci gaba. Har saurin hoton tana iya gyarawa: yawancin finafinai hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa, talabijin kuma sau 50 ko 60 yake sabunta allonsa, shi ya sa wani lokaci za ka ga hoton yana ɗan ɗingishi idan kyamara tana juyawa a hankali. A cikin saitin Kodi akwai inda ake ce mata ta daidaita talabijin da saurin fim ɗin. Ranar da na kunna wannan saitin na ga ɗingishin ya ɓace, na tabbata kiran wannan abu dikoda rage masa daraja ne.

Ni kaina da wata kalma na fara, kuma ina ƙaunarta: "uwar kallo". Hausa tana kiran babban ɓangaren abu uwa, kamar uwar ɗaki da uwar jiki, kuma wasu masu rubutu kan fasaha sun daɗe suna kiran kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet "uwar garke". Tunda muna cewa "kayan kallo", na ga kamar wadda ke shayar da su duka ta cancanci a ce mata uwa. Na gwada ta a gida kwana uku. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce, "Wace ce?" Mutum suke zato, wata mai yawan kallo. Na haƙura da ita, ko da yake har yanzu ina ganin tana da armashi a rubuce.

Abin da ya rage a hannuna shi ne mafi sauƙinsu: kwamfutar kallo.

Dalilina na farko, ta hau layin da harshen ya riga ya shimfiɗa. Muna da kwamfutar tebur, muna da kwamfutar cinya, kowa ya san yadda ake gina irin wannan suna, don haka wanda bai taɓa jin ta ba ma zai gane ta a karon farko. Ba ta ce komai game da siffar akwatin ba, ko babba ne ko ƙarami. Jam'inta ba ya wahala, kwamfutocin kallo. Kuma tana shiga magana ba tare da tuntuɓe ba: "Kashe kwamfutar kallo kafin ka kwanta." "Tsohuwar tawa na mayar kwamfutar kallo." "Wace manhaja ka sa wa kwamfutar kallonka?" Hausawa sun ce suna linzami, kuma wannan yana jan mai ji zuwa inda ake so.

Ƙari, bayan amsoshin da suka shigo:

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa, "Malam, karatu da waƙa fa? Ai ba kallonsu ake yi ba, ni tawa ma sauraro na fi yi da ita." Gaskiyarki, Malama, kuma wannan ita ce suka mafi ƙarfi da aka yi wa kalmar. Na gwada "kwamfutar kallo da sauraro", na ga baki ba zai ɗauke ta ba, cikin mako guda zai yanke wutsiyar. Na gwada "kwamfutar nishaɗi", sai na ga ta bar karatu da darasi a waje, ta kuma jawo wasannin kwamfuta ciki, alhali masu wasa suna da tasu na'urar mai buƙatu daban. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda muke amfani da "kayan kallo". Idan an ce kayan kallon falo, ba wanda yake cire lasifika da amfilifaya daga lissafi don ba a kallonsu. Kalmar ta riga ta faɗaɗa ta rufe su. Ina ganin za ta rufe wannan ma.

Wani ɗan'uwa kuma, da alama ya daɗe a harkar, ya tuna mini abin da na tsallake: ba kullum ajiya da haskawa suke zama a na'ura ɗaya ba. Masu amfani da manhajar Plex, wadda ita ma daga XBMC ta tsiro, ko Jellyfin da ta ɓalle daga wata manhajar mai suna Emby a 2018, sukan ajiye kwamfuta guda a wani lungu, ba allo ba rimot, tana riƙe da fayilolin duka. Talabijin ɗin falo, wayar uwar gida da kwamfutar yara kowa yana ɗiba daga gare ta ta wayifai. In na'urar da ta nema ba za ta iya buɗe irin fayil ɗin ba, ko layin ya yi rauni, sai ta sauya masa tsari nan take ta aika da wanda zai buɗu. Wannan ba a kallo a kanta, don haka "kwamfutar kallo" ba ta dace da ita ba. Ya kawo "taskar kallo". Ni na fi karkata ga "rumbun kallo". Taska abin da ake ɓoyewa a kulle take tuna mini, a buɗe jefi-jefi. Rumbu kuwa kullum ana zubawa ana ɗiba, kuma "rumbun bayanai" ya riga ya shiga bakin masu rubutu kan kwamfuta, ba baƙo ba ne. Na gode, ɗan'uwa, ba don kai ba da mun cusa abu biyu cikin suna ɗaya.

Ke nan ga inda muka tsaya. Shirin ɗakin gaba ɗaya, sinimar gida. Na'urar da ke jone da talabijin ko majigi tana haskawa, kwamfutar kallo. Inda fayilolin suke zaune, ko faifai ne a jikinta ko wata kwamfuta ce a ɗaki na daban, rumbun kallo. A gidana kwamfutar kallon ce ke goye da rumbunta, a gidan wani kuma a rabe suke.

Jiya da daddare ƙanena ya sake kira. Ya ce, "Yaya, kwamfutar kallo ta kunnu, amma ba ta ganin rumbun." Na ce ya duba wayar USB ɗin faifan ko ta goce. Ta goce ɗin kuwa, ya mayar da ita, muka yi sallama.

Saura kalma ɗaya da na kasa. Wannan sauya tsarin fayil da rumbu ke yi nan take yayin da ake kallo, Turawa na ce masa transcoding. Na yi tunanin "juyi", na yi tunanin "rikiɗa", babu wadda ta zauna mini sosai, domin juyi ya yi kama da kwafa, rikiɗa kuma kamar abin da kansa ya canza ba wani ya canza shi ba. Masu Plex da Jellyfin, ku da kuke ganin fankar kwamfutarku tana ƙara gudu duk lokacin da aikin ya tashi, me kuke ce masa a gida?