Me za mu kira "affordable housing" da Hausa?

Jama'a, a taimaka min da wata kalma. Duk sanda aka taso da maganar gina gidaje a filayen gwamnati a Kano, masu tsara birane su ce "affordable housing", 'yan jarida kuma su ce "gidaje masu sauƙin kuɗi". Ni dai wannan ba ta kwanta min ba. Sauƙi a wurin wa? Gidan miliyan ashirin sauƙi ne ga babban ɗan kasuwar Kantin Kwari, malamin firamare kuwa sai dai ya wuce ta ƙofarsa.

Abin da kalmar ke nufi ba farashin gida ba ne shi kaɗai, awo ne tsakanin gidan da aljihun mai shigarsa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada haya ko biyan kuɗin gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na samun mutum. Ku ɗauki mafi ƙarancin albashi a Kano, Naira 71,000 da aka amince da shi a 2024. Kashi 30 ɗinsa 21,300 ne a wata, wato 255,600 a shekara. Je ka wurin dillali a Zoo Road da wannan kuɗin, ka ce ciki da falo kake so mai banɗaki a ciki. Zai dube ka, ya dubi takalminka, ya ce ka leƙa wajen Rimin Kebe. Ba a ma zo kan la'adarsa ba.

Na riga na fara tambayar jama'a, to ga abin da kuka kawo zuwa yanzu.

Da yawa sun ce "gidaje masu araha" ko "masu rahusa". Araha ba ta ado. Ka ce wa Bakano gidan araha, abin da zai hango shi ne bulo mai marmashewa a hannu da kwanon da iskar farkon damina za ta yaye. Rahusa kuma ragi ne da mai kaya ya ga dama ya yi maka.

Wata Hajiya daga Ɗorayi ta ce a bar shi "gidajen talakawa" kawai, kowa ya gane. Hajiya, Allah ya ƙara girma, an gane ɗin, amma wace amarya ce za ta yarda a ce an kai ta unguwar talakawa? Sannan nas da ɗan sanda da malamin makaranta duk suna cikin masu wannan buƙatar, ba kuwa za su amsa sunan ba. "Masu ƙaramin ƙarfi" ta fi ladabi, sai dai ita ma mutanen take siffantawa, ta bar gidan.

Wani dattijo ya tuna mana gidajen Shagari, waɗanda aka gina a jihohi tsakanin 1979 da 1983, ya ce tun lokacin ana da suna, me za a ƙirƙiro kuma? Baba, sunan ya zama na unguwa yanzu, kamar yadda Kundila ta zama. Ba mai jin sa ya tuna da farashi.

Wadda ta tsaya min a rai wani tela ne daga Fagge ya kawo ta: "gidajen daidai ƙarfi". Ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Ana yin biki daidai ƙarfi, ana yin lefe daidai ƙarfi, ba kuma mai jin an ci masa fuska. Ta ɗauko awon nan da nake magana, domin da ka faɗe ta tambaya za ta biyo baya: ƙarfin wa? Da da wannan sunan aka kira rukunin gidajen gwamnatin Kano na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo lokacin da ake gina su tsakanin 2011 da 2015, da tun ranar farko an tambaya ko albashin ƙaramin ma'aikaci zai kai. Gidaje ne masu kyau, ba musu, amma ba kowane aljihu ba.

Wani ya ce ta yi tsawo. Ta fi "gidaje masu sauƙin kuɗi" gajarta, Malam, ƙirga ka gani.

Saura rabin maganar, wato filin. Mun saba cewa "filin gwamnati", kuma a kunnen mutane abin gwamnati ba shi da mai shi. Dokar amfani da filaye ta 1978 ba haka ta ce ba. Ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don amfanin kowa. Filayen cikin birni shi ke kula da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma, shi ya sa shugaban ƙaramar hukumar Dala ko Tarauni ba shi da ta cewa sosai a nan, hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, da ma'aikatar ƙasa ake kallo. Ni na fi son "filin al'umma". Kuɗin fili shi ne ke fara karya mai son gini, shi ke kora mutane zuwa awon igiya, inda lungu ba ya ɗaukar mota kuma ba magudanar ruwa. Idan fili na al'umma ne, a cire kuɗinsa daga lissafi, sai gidan ya sauko.

Saboda haka na tsaya a kan "gidajen daidai ƙarfi a filayen al'umma", tilo kuma "gidan daidai ƙarfi". Masu karanta labarai a rediyo, ku gwada ta da ƙarfi ku faɗa mana ko tana sarƙe harshe.