Na canza kafireta, mota ta koma shaƙewa idan na danna totur

Mai 504, Kaduna:
Assalamu alaikum. 504 ce da ni, haɗin Kaduna, injin lita 2, gadon mahaifina. Kafiretarta ta asali, ƙirar Solex, ta gaji, sandar totur ta ci har iska na shiga ta gefe, sai na ɗora mata Weber 32/36. A silo lafiya lau, a tafiyar cikin gari ma haka. Amma da na danna totur ƙasa, sai ta yi kamar an shaƙe mata wuya, ta ɗan yi jim, sannan ta fizga. Ranar Asabar a hanyar Kachia na fito zan wuce tirela ta yi min haka, ga wata mota na tahowa. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Duk wanda ya taɓa shiga wannan, don Allah ya ba mu labarinsa.

Tsohon bakanike, Kano:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ɗana. Kafin ka taɓa jet ko ɗaya, wato 'yan ramukan da ke auna fetur a cikin kafireta, kashe injin, cire iyakilina (matatar iska), ka leƙa maƙogwaron kafiretar, wani ya danna maka totur. Ya kamata ka ga fetur ya tsarto siriri kamar daga allura, nan take. In ya yi jinkiri ko ya zo ɗis-ɗis, famfon totur ne. Dalili kuwa, idan ka buɗe totur farat ɗaya iska ce ke riga fetur shiga, wannan tsartuwar ita ke cike giɓin. Na taɓa kwana biyu a kan wata Beetle ina canza jet, ashe ƙurar hunturu ce ta toshe ɗan bakin. Da iskar kwamfuresa aka gama aikin. Kada ka zura waya a ramin, faɗaɗa shi za ka yi.

Ɗan Jos:
Ni tawa akasin taka ce, yallaɓai. An saita min kafireta a Legas, mota na tashi kamar doki. Da na hau da ita gida, sama da mita 1,200 daga matakin teku, sai baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur. Iskar Jos ba ta da kauri, fetur ya fi ƙarfinta. Na kwance fulogi, huɗun duka baƙi ƙirin, in ka shafa ya kama yatsa kamar gindin tukunya. Babban jet na rage mataki ɗaya ta dawo daidai. Ka duba naka fulogin: ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so, fari fat kuwa fetur ne ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari domin yana ƙona bawul.

Mai Chevrolet, Houston:
Mu nan Amurka wannan cuta sunanta kwaɗayin babbar kafireta, kuma ta kama ni. Injina V8 ne, mai girman inci kubik 350, giya otomatik. Na sa kafireta Holley 750 (lambar ita ce yawan iskar da ke iya wucewa ta cikinta a minti) mai famfon totur biyu, wadda ƙofofinta huɗu ke buɗewa da ƙafarka, saboda ita nake gani a motocin tsere. Shaƙewa iri ɗaya da taka. Daga baya na zauna na yi lissafin da kowa ke yi a nan don sanin girman kafiretar da injin ke buƙata: girman injin sau juyinsa a minti, a raba da 3,456. Wato 350 sau 6,000, in an raba da 3,456, bai wuce 608 ba, shi ma sai in injin na cika cikinsa taf, abin da injin titi ba ya yi. Rami in ya yi faɗi iska na tafiya a hankali, ba ta iya jan fetur daga jet. Na koma 600 wadda ƙofofin bayanta ke jiran injin ya nema kafin su buɗe, matsalar ta ɓace. Na gwada Edelbrock 600 ta abokina ma. Ta fi sauƙin saiti, don allurorinta ta sama ake zarewa ba tare da an zubar da fetur ba, amma a ƙafata Holley ta fi kaifi.

Direba, Damagaram:
Malam, auna ƙarfin famfon fetur. Weber ba ta son matsi, kusan psi 3 ya ishe ta. Tawa ta yi ta ambaliya har sai da aka sa mata abin rage matsi aka gyara tsayin fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur yana tsayar da shi in kafireta ta cika. Taimin ma, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, a duba shi.

Mai 504, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Kano, na leƙa, fetur na tsartowa da kyau. Fulogi kuma sun yi fari-fari. Sai muka fesa ruwan wanke kafireta a gindinta injin na silo, nan take ƙararsa ta canza: farantin da ya haɗa Weber da manifol, bututun da ke kai iska da fetur cikin injin, bai zauna daidai ba, iska na satar hanya. Mun goge shi a kan gilashi da samfefa, muka sa sabon gasket, muka ɗan ƙara taimin. Shaƙewar ta ragu sosai, saura kaɗan daidai inda ƙofa ta biyu, mai milimita 36, ke fara buɗewa. Gobe zan gwada ƙaramin jet na wannan ɓangaren, mataki ɗaya sama, in dawo muku da sakamako in sha Allah.