Manajoji sun ƙi sakin jiki a hirar bincikena, ina mafita?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa ɗalibai. Ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin gudanarwa, kan yadda manajojin tsakiya ke karɓar sauye-sauyen da ake saukar musu daga sama. Hira mai sassauci nake yi: tambayoyi na hannuna, amma ina bin bakin mai magana.

Da zarar na kunna rikoda, sai mutum ya koma kakakin kamfani, komai lafiya lau. Ina kashewa kuwa, sai zancen gaskiya ya ɓarke, wanda ba ni da izinin amfani da shi. Na yi alkawarin sakaya suna. Na gwada dabarar masanin halayyar ɗan'adam John Flanagan ta 1954, wato mutum ya ba da labarin lamari guda takamaimai da ya faru da shi. Ta ɗan taimaka, ba can ba. Ina zargin tunda ta hannun shugabanninsu na samu shiga, kallon ɗan rahoto suke mini.

Yanzu amsoshi sun fara maimaituwa. Bayanai ne suka cika, wato babu sauran sabon abin da zan ji, ko hadda ɗaya kowa ke karanto mini? Ta yaya zan bambance kafin in fara fitar da jigogi a NVivo, manhajar nazarin bayanan hira? Kuma in na ajiye rikoda na koma rubutu da hannu, masu duba kundi za su amince?