Wane tsari ya kamata mu bi wajen rabon ganima a Molten Core?

Mai Garkuwa: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan abin da ya kusa raba kan ƙungiyarmu. Mu arba'in ne muke shiga kogon Molten Core a wasan intanet na World of Warcraft Classic kowane mako, kuma kamar yadda kuka sani, dodannin wurin goma ne, yawancinsu kaya biyu ko uku kawai suke bari idan sun faɗi. Tun da muka fara, ƙuri'a muke jefawa daga 1 zuwa 100, mai lamba mafi girma ya ɗauka. A daren jiya Garr, ɗaya daga cikin dodannin, ya yar da Brutality Blade, takobin da mataimakina ya yi wata huɗu yana dako, sai wani baƙo da muka ɗauko don cike gurbi ya ci ƙuri'ar, ya fice ko sallama bai yi mana ba. Ba za a ce ya yi sata ba, amma yanzu mutum uku sun ce ba za su dawo ba sai an sauya tsari.

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam, Malam Mai Garkuwa. Allah ya huci zuciyar mataimakinka. Ƙuri'a ba ta san jiya ba, shi ya sa take dacewa da baƙin da suka haɗu dare ɗaya, ba ƙungiyar da ke tare wata da watanni ba. Ni dai shawarata ku koma DKP, wato makin kashe dodo. Tsari ne da ya samo asali tun 1999 a wasan EverQuest, inda ƙungiyar Afterlife ta fara ba 'ya'yanta maki saboda kashe manyan dodanni biyu, Lady Vox da Lord Nagafen. Duk wanda ya zo kan lokaci kuma ya tsaya har aka kayar da dodo yana samun maki, idan kaya ya faɗo sai a yi gwanjonsa da makin. Amma ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Tsofaffin 'yan ƙungiya suna tara maki kamar masu ɓoye hatsi a rumbu, suna ƙin ɗaukar ƙananan kayan da za su ƙara musu ƙarfi don jiran babba guda ɗaya, sabon shiga kuwa sai ya yi wata biyu yana kallo.

Mai Magani: Baba, da girmamawa, wannan aibin ne ya sa muka bar DKP muka gwada EPGP, inda ake raba makin ƙoƙarin mutum da makin kayan da ya riga ya karɓa. Wanda yake da ƙoƙari 1000 ya karɓi kayan 200, matsayinsa 5 ne, wanda yake da 600 ya karɓi na 100 kuwa matsayinsa 6, don haka shi ne a gaba. Ana kuma zaftare wani kaso na makin kowa duk mako domin kada a yi ta tarawa.

Sai dai akwai abin da ya shafe mu, mu da muke shiga sabar Turai (kwamfutar da wasan ke gudana a kanta) daga gida, wanda duk tsarin da ya dogara da makin halarta ba ya la'akari da shi. Ana tsakiyar yaƙi da Ragnaros, dodon ƙarshe na kogon, sai a ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta ko intanet ta dawo an riga an gama, lissafi kuma ya rubuta ka cikin waɗanda ba su halarta ba. Na yi asarar maki haka sau uku a wata ɗaya. Abin da ya fi yi mana daɗi a ƙarshe shi ne tsarin da ake kira Suicide Kings, wanda idan aka duba da kyau adashi ne kawai. Ana jera sunaye, wanda ya fi kusa da sama cikin masu son kayan shi zai kwasa, sannan ya koma ƙasan layi, waɗanda suka halarta su matsa sama. Wanda bai samu zuwa ba yana nan a gurbinsa, bai ci gaba ba, bai kuma koma baya ba. Ko a takarda za a iya riƙe lissafinsa.

Ɗan Baka: Yaya Mai Magani ta faɗi gaskiya. Ni gargaɗi kawai zan ƙara: idan wani ya kawo muku shawarar GDKP, wato gwanjon kaya da zinaren wasa a raba kuɗin a ƙarshe, ku yi hattara. Yana jawo masu sayen zinare da kuɗin gaske, kuma kamfanin Blizzard mai wasan ya haramta shi a Season of Discovery, wani reshe na wasan, a farkon 2024. Ku duba dokar sabarku tukuna.

Dattijon Zaure: Na yarda da adashin nan, 'yata, amma ba kowane kaya ake saka wa a layi ba. Ɗauki takobin Thunderfury: sai an haɗa ɓangarori biyu, ɗaya daga Garr, ɗaya daga wani dodon, Baron Geddon, kuma kowannensu yana iya shafe watanni bai faɗo ba. Idan layi ya ba mutum ɗaya na dama, wani kuma na hagu, an yi biyu babu. Irin wannan kaya majalisa ce ya kamata ta yanke hukuncinsa, mutum uku ko biyar, su sanar da sunan wanda za a ba tun kafin a shiga kogon. Sharaɗina ɗaya shi ne duk ɗan majalisar da yake son kayan ya janye daga zaman, domin na ga ƙungiyoyin da majalisa ta zama hanyar da shugaba yake yi wa abokansa sutura.

Ɗan Baka: Game da baƙi kuma, a ba kowannensu damar zaɓen kaya ɗaya da yake so tun kafin farawa, a rubuta a manhajar hira ta Discord kowa ya gani. Idan kayan ya faɗo, shi da wanda layi ya zo kansa su jefa ƙuri'a, sauran kayan kuwa babu ruwansa da su. Kayan da ƙungiya ta keɓe wa kanta a faɗa masa tun a sanarwar gayyata, in bai yarda ba ya nemi wata gayyar.

Mai Garkuwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gabatar musu da layin adashi don kayan yau da kullum, majalisar mutum uku don Thunderfury kaɗai, da kaya ɗaya ga kowane baƙo. Saura tambaya ɗaya, Malama Mai Magani: yaya kuka jera sunayen a karon farko? Idan na sa mataimakina a sama za a ce na yi son kai.

Mai Magani: Ƙuri'a muka jefa sau ɗaya a gaban kowa, aka ɗauki hoton sakamakon aka liƙa a zauren ƙungiya, sababbin shiga kuma daga ƙasa suke farawa. Amma tun da mutanenka sun daɗe tare, ka raba su gida biyu: waɗanda suka haura wata uku su jefa tasu su cike saman layin, sauran su jefa tasu su biyo baya. Wanda wuta ta ɗauke masa bayan an fara yaƙi kuma, ku rubuta tun yanzu cewa ana lissafa shi cikin waɗanda suka halarta.