Wa Ya Ba Hitila Sanda?

Mai Alƙalami:
Da sunan Allah na buɗe tambaya,
A kan Jamus nake so mu yi musaya.
A zaɓen 1928 'yan Nazi, jam'iyyar Hitila, na can baya,
Kujera 12 kacal a majalisa, ba mai ko waiwaya.
Shekara 5 ba ta cika ba, sun haye gaba ɗaya.
Wa ya ba Hitila sanda? Ku faɗa mini gaskiya.

Ɗan Autan Zaure:
Malam, amsarka kalma guda ce: yunwa.
Yarjejeniyar Versailles a 1919 ta ɗora wa Jamus diyyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wuya na karyewa.
A 1923 takardun kuɗi a murhu ake ƙonawa,
Albashi cike da baro, burodi bai sayuwa.
Kasuwar Amurka ta faɗi a 1929, rance ya daina zuwa,
Mutum miliyan 6 ba aiki, gida ba abin dafawa.
Mai jin yunwa, kowa ya kira shi yana amsawa.

Inna Mai Tarihi:
Ɗana, Ingila ma ta ji jiki, ba ta naɗa irinsa ba.
Yunwa ba ita ta ce a tsani Yahudawa ba,
Su da ba su kai 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba.
Ƙarya aka shuka, wai ba a ci soja a fagen fama ba,
Wai na gida suka ci amana, ba a tsaya bincike ba.
Hitila ya gwada juyin mulki a birnin Munich a 1923, bai dace ba,
Aka yanke masa shekara 5, bai cika ko guda ba.
'Yan bangarsa masu riga ruwan ƙasa ba su bar titi lafiya ba,
An haramta su a 1932, haramcin bai kai wata 3 ba.

Mai Alƙalami:
Inna, na ji, amma fa akwai ƙuri'a:
Kujera 230 a Yulin 1932, wa ya ba shi in ba jama'a?

Baba Na Ƙofa:
Malam, tsaya, ƙuri'ar ba ta kai rabi ba a ƙirga,
A Nuwamba ta sauko 196, sanyi ya fara shiga.
Manya ne suka buɗe ƙofa suka ce ya shiga:
Papen, tsohon shugaban gwamnati, ya lallashi tsoho Hindenburg, shugaban ƙasa, har ya sassauta,
Wai za su sa wa Hitila linzami, ministocin Nazi 2 ne a gwamnatin da aka kafa.
Masu ra'ayin gurguzu sun rabu biyu suna ta faɗa.
30 ga Janairun 1933, shugaban gwamnati Hitila aka naɗa.
27 ga Fabrairu ginin majalisa ya kama da wuta,
Washegari aka soke 'yanci, kame ya cika ƙasa.
23 ga Maris majalisa ta miƙa masa ikon yin doka,
Wakilai 94 ne suka ce a'a, ana yi musu barazana.
A watan nan aka buɗe sansanin Dachau, 'yan adawa aka fara zuba.