Shekarar farko a jami'ar waje: wane taro kuka fara zuwa, yaya kuma aka kwashe?

'Yar Zazzau a Leeds: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da saukata a Ingila. Makon sababbin ɗalibai ya zo ya wuce a Satumba ban leƙa ko'ina ba sai wajen rajista, don rabin takardun gayyatar da aka zuro mini ta ƙarƙashin ƙofa duk a mashaya za a haɗu. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai kiran Umma. Jiya da daddare kuma na ji gari ya ɗauki ƙara kamar ana ɓarin wuta, na kashe fitila na lafe bayan gado ina salati. Da safe aka ce mini biki ne. Don Allah waɗanda suka riga mu, yaya kuka yi?

Bakano, Manchester: Wa alaikis salam ƙanwata, sannu da tsorata. Daren 5 ga Nuwamba ke nan, suna tuna wani Guy Fawkes da aka kama a 1605 zai tarwatsa majalisarsu da albarushi. Baɗi ki sa rigar sanyi ki je kallo, yara ma ana kaiwa.

Ni taron da na fara zuwa shi ne ranar da ƙungiyoyin ɗalibai ke baje tebura a babban zaure. Na bi tebur-tebur ina rubuta suna saboda biro da jaka na kyauta, har da ƙungiyar masu hawan duwatsu, ni da bene hawa uku ke sa ni haki. Aka miƙo mini fiza, na kai baki, sai wani ɗan Pakistan ya riƙe mini hannu ya nuna jajayen yankan naman da ke kai. Alade ne. Shi ya ja ni teburin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a nan na san inda ake Juma'a da shagon da ake samun naman halal. Har yau muna zumunci. Ki nemi ƙungiyar, suna da ɓangaren mata.

Ɗan Katsina a Malesiya: Mu nan ba mu da matsalar nama, tamu daban ce. Da ƙaramar salla malaminmu ya gayyace mu gidansa, don al'adarsu ce a buɗe gida kowa ya shigo ya ci. Na caɓa ado da babbar riga da zanna bukar, a garin da ko singileti ka sa zufa kake. Muka tuɓe takalma a ƙofa, aka jera mana rendang, wato naman da aka dafa da madarar kwakwa har ya tsotse, da ketupat, shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa. Duk na ci na yaba. Sai maigidan da kansa ya fasa durian, wani ɗan itace mai ƙayoyi a bayansa, ya ajiye a gabana, 'ya'yansa suka zagaye ni suna jira. Wallahi warin daddawa nafila ne. Na rufe ido na haɗiye, na ce da daɗi don kara. Ashe na jawo wa kaina, don ƙulle mini wani aka yi a leda na tafi da shi, abokin ɗakina ya ce ko ni ko ledar.

Rigar kuwa ta yi rana. Daren al'adun ƙasashe da ita na tsaya a rumfar Najeriya, sai da fuskata ta gaji da murmushin hoto. Mako biyu muka yi muna gardama da 'yan uwanmu Yarabawa da Ibo kan abin da za a dafa, a ƙarshe dai dafa-duka aka yi.

'Yar Maraɗi a Konya: Ni shekarar farko duk a ajin koyon Turkanci ta ƙare, sai taro ya zama wani ajin. Ko'ina shayi ne a ɗan ƙaramin kofin gilashi, kina shanyewa a ƙaro. Abin da ya fi gajiyar da ni: in na ce daga Nijer nake, sai a ce "Nijerya?" Har taswira na ajiye a waya don nunawa.

Malam daga Gusau: Ni dai shawarata, karatu ya kai ki. Iyaye ba su sayar da gona don a je kallon wasan wuta ba.

Ɗan Katsina a Malesiya: Allah ya gafarta Malam, ba a ce ta shiga mashaya ba. Amma wanda zai ara maka littafi ko ya raka ka asibiti, a ɗaki za ka same shi?

Bahaɗeje a Indiya: Malam yana da ɗan gaskiya, a tambaya kafin a fita. Ranar Holi, bikin da ake watsa wa juna kala, na fito da farar shaddata sabuwa dal zan je laburare. Ban kai ƙofar makaranta ba na koma shuɗi da ja da kore. Shaddar har yau ba ta dawo ba.

Yaya a Ohio: Tawa kunya ce. Sashenmu ya kira liyafa, na yi wanka na tafi hannu rabbana, don a wajenmu wanda ya gayyace ka shi ke ciyar da kai. Ina shiga na ga kowa da kwanonsa a hannu, har shugaban sashe. Ashe tsarin shi ne kowa ya kawo abin da ya dafa a haɗa a ci. Na ci kaɗan kamar mai ciwon haƙori. Karo na biyu na kai shinkafa da wake da mai da yaji. Sun yi tari, sun sha ruwa, amma tukunyar sai da aka kankare ta. Masu zuwa Amurka kuma ku sani, Alhamis ta huɗu a Nuwamba bikin Thanksgiving ne, makaranta kan zama kufai. Duk wanda ya gayyace ka gidansa ka amsa, ka dai gaya masa tun da wuri abin da ba ka ci.

'Yar Zazzau a Leeds: Na gode ƙwarai, na yi dariya har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa bango. Na duba, matan ƙungiyar suna da shan shayi ranar Laraba bayan la'asar. Yaya, labarinka ya tsorata ni, in riƙe wani abu ne? Ina da sauran cincin da Umma ta soya mini.

Bakano, Manchester: Kai rabi, ɓoye rabi. La'asar ɗin yanzu tun wajen ƙarfe biyu take shiga, kada ki makara.