Ƙararrawata ta CloudWatch ta ƙi kaɗawa, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na saita ƙararrawa a CloudWatch, manhajar Amazon (AWS) mai sa ido kan sabobi, ta sanar da ni idan aikin CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na sabar EC2 (sabar haya ta Amazon) ya haura kashi 80 cikin 100 sau uku a jere, ana aunawa duk minti 1. Saƙon gwaji ta SNS, hanyar da ƙararrawar ke turo sanarwa, yana shigowa imel lafiya lau, amma ƙararrawar kullum cewa take bayanai ba su isa ba, ko da sabar tana nishi.

Ina zargin tsarin sa ido na kyauta da sabar ke kai, tunda duk minti 5 yake turo awo. In mayar da tazarar ƙararrawar zuwa minti 5, ko in biya kuɗin sa ido na minti 1? Gurbin da babu awo kuma, in sa ƙararrawar ta ɗauke shi lafiya ko matsala? Tsorona kada sabar ta mutu, ƙararrawa ta yi shiru. Don Allah masana ku duba min.